Yadda zaku koya wa ƙananan yara tarihi da igiya ɗaya da zamanin Sarauniyar Ingila

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai in kuka ce masa "a shekarar 1952" wallahi babu abinda ya shiga kansa, lamba kawai yaji. A wajensa jiya da bara da zamanin Annabi Nuhu duk "da" ne, shi yasa zakaji yaro yana tambayar kakarsa ko ta taɓa ganin Sarauniya Amina ido da ido, kuma tsakaninsa da Allah yake tambayar ba wasa ba. Toh matsalarmu kenan a ƙananan azuzuwa, muna basu shekaru su haddace alhali basu riga sun san tsawon shekara goma ba ballantana ɗari. Abinda zan kawo anan shine hanyar da nake bi da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, kuma uwa ma zata iya yi a tsakar gida da nata yaran da na maƙwabta, ba sai da littafi mai tsada ba, kayan aikin duk suna nan cikin gidajenmu.

Nasan wani zaice me ya haɗa yaran Zazzau da sarauniyar Ingila bayan muna da namu sarakunan. Gaskiyarsa ne, kuma zamu zo kansu dan kusan rabin darasin ma nasu ne. Dalilin da yasa nake ɗaukota shine tsawon zamaninta. Elizabeth ta biyu ta hau sarauta ran 6 ga Fabrairu 1952, ta rasu ran 8 ga Satumba 2022, shekara 70 kenan mutum ɗaya akan kujera ɗaya. Ranar da ta hau muna ƙarƙashin Turawa, babu jami'ar Ahmadu Bello, babu naira, babu wani abu wai shi jihar Kaduna, gidan talabijin ko ɗaya babu a faɗin ƙasar nan, ranar da ta rasu kuwa kafin a gama sanarwa a Landan labarin ya riga ya shigo wayoyin mutane a Tudun Wada da Sabon Gari. Sannan ba baƙuwa bace a tarihinmu, hoton kanta yana jikin kuɗin da kakanninmu suka kashe, tazo Kaduna, kuma a takarda ita ce shugabar ƙasar nan har 1963. Abu mafi muhimmanci a wajena, shekara 70 ɗinnan daidai suke da rayuwar tsohuwar dake ɗakin can na cikin gida, wato duk abinda zamu faɗa akwai mai shaida da rai a kusa.

Ku fara da igiya. Igiyar shanya ta roba ko ta rama duk ɗaya, ku auna mita bakwai ku bar rara kaɗan ta kowane gefe, in babu abun awo ku ari tef ɗin tela. Kuyi ƙulli a kowace mita, zaku samu ƙulli takwas: 1952, 1962, 1972, 1982, 1992, 2002, 2012, 2022. Kowace mita shekara goma, kowace shekara kuma kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Ku yanka kwalin indomi ko na madara ƙanana ƙanana ku huda su, ku tanadi zare da maka ko alli, sai a ɗaura igiyar daga wannan ƙusa zuwa waccan daidai tsayin ƙirjin yaran, dan in ta wuce inda hannunsu zai kai an rasa rabin amfanin.

Kuskuren da ake yawan yi shine a fara daga 1952. Kada ku fara daga can, ku fara daga yaron kansa. Ku kira shi ya tsaya a ƙullin ƙarshe, in misali an haifeshi 2018 sai ya ƙirga tafi huɗu baya ya ɗaura kwalin da ya zana kansa a jiki. Daga nan sai a tambaya ina Mama zata tsaya, yaje ya tambayo shekarar haihuwarta, ya taka ya wuce ƙulli biyu ko uku ya ɗaura nata, sai Baba, sai Goggo ko Kawu, sai a zo kan Hajiya kaka wadda wataƙila sai yaje kusa da ɗaya bangon ko ma ya wuce ƙullin farko. Ku bari ya taka da ƙafarsa a hankali yana riƙe da igiyar, kada ku nuna masa da yatsa daga nesa, gani ya kori ji. Zakuga yana waiwayen nasa kwalin yana kallon na kaka, wani ma har yace kai, ashe Hajiya ta daɗe! In ya faɗi haka toh darasin ranar ya cika, ku tsaya nan, minti 15 zuwa 20 ya ishi ƙaramin yaro, ku bar igiyar a rataye zuwa wata rana.

Sai zama na gaba ku shigo da sarauniyar. Ku nemo hotonta guda biyu a waya, ɗaya na lokacin naɗinta tana budurwar mata da kambi a kai, ɗaya kuma na tsufanta da farin gashi da sanda, ku nuna musu ku tambaya su wanene waɗannan. Yawanci cewa suke uwa da 'yarta ko kaka da jika, in kukace mutum ɗaya ce sai gardama ta kaure, toh sai a ɗaura na farko a ƙullin 1952 na biyu a ƙullin 2022 su ga tazarar da idonsu. In akwai tsohon hoton Hajiya na ƙuruciya, irin baƙi da farin nan na situdiyo, ku haɗa dashi kuyi irin haka, yafi ma kama zuciyarsu.

Labarinta kuma ku bada shi irin yadda ake bada labari da dare, ba jerin shekaru ba. An haifeta 1926, kuma da farko ba'a sa ran zata yi sarauta ba dan yayan babanta ne akan layi, sai shi ya ajiye sarautar a 1936 lokacin tana 'yar shekara 10, babanta ya zama Sarki George na shida. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta shiga aikin soja na mata ta koyi tuƙin mota da kanikanci, wannan 'yan mata suna son jinsa sosai. Tana shekara 25 sun tafi ziyara Kenya ita da mijinta Philip, a can aka kai mata labarin rasuwar babanta, ta tafi tana gimbiya ta koma gida tana sarauniya. Bikin naɗin sai ran 2 ga Yuni 1953 akayi, aka nuna a talabijin mara kala, mutane suka cika gidajen maƙwabta masu akwatin dan su kalla. Tana son dawaki tun tana ƙarama har tsufanta, kuma yaran Zariya ai basa buƙatar a musu bayanin son doki. Abu ɗaya da ya kamata su gane shine ba ita ke tafiyar da gwamnati ba, firaminista ke yi, kuma a zamaninta anyi guda 15, na farko Winston Churchill an haifeshi 1874, ta ƙarshe Liz Truss an haifeta 1975, ita ce ta karɓi mulki kwana biyu kafin rasuwar sarauniyar. In sun rikice ku tambayesu wa ke zaune a fada, wa ke zaune a gidan gwamnati a Kaduna, wanne ake canjawa da zaɓe, nan take zasu kama.

Daga nan sai a dawo gida, kuma nan ne nafi daɗewa. A cikin igiyar nan ɗaya sarakunan Zazzau huɗu ne suka zauna a gadon sarauta. Lokacin da ta hau Sarki Ja'afaru ne akai har 1959, sai Sarki Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, sai Sarki Shehu Idris daga 1975 har Allah ya masa rasuwa a watan Satumba 2020, Allah ya jiƙansu baki ɗaya, sai Mai martaba Ahmed Nuhu Bamalli wanda aka naɗa a Oktoban 2020, Allah ya ja zamaninsa. Ku samo zare kala huɗu, yaran su nannaɗe kowane yanki na igiyar da kalarsa. Kalar Shehu Idris kaɗai zata cinye mita huɗu da rabi, shekara 45, sai kuga yaro ya gano da kansa cewa Mama da Baba duk a cikin kala ɗaya aka haifesu, suka yi makaranta, suka yi aure, wasu har suka haifeshi sarki bai canja ba. Ku tambayesu yanki na wa yafi tsawo, na wa yafi gajarta, kaka ta ga sarakuna nawa, ga lissafi ya shigo ba tare da sun ankara ba.

A 1956 sai ku ɗaura kwalin doki. A shekarar ne sarauniya tazo Najeriya karo na farko, tayi kusan sati uku daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, kuma aka shirya mata gagarumin hawa a Kaduna inda sarakunan Arewa suka taru da dawakinsu da mahaya, lokacin Sardauna Ahmadu Bello shine firimiya. Hotunan da bidiyon hawan suna nan a intanet, ku nuna musu sannan ku nuna na hawan sallah ko hawan daushe na bana, su nemo me ya bambanta me kuma yake nan yadda yake. Rawani da alkyabba da algaita da jahi duk zasu gansu, abinda ba zasu gani a na da ba shine jama'a kowa ya ɗaga waya sama yana ɗauka. Ta sake dawowa a Disamba 2003 zamanin Obasanjo dan taron ƙasashen renon Ingila, amma wannan karon Abuja ta sauka, garin da babu shi a matsayin babban birni lokacin zuwanta na farko, sai 1991 gwamnati ta tare can daga Legas. Kwalaye biyu kenan, mita huɗu da wani abu a tsakaninsu, ku bar yaro ya taka daga wannan zuwa wancan.

Ranar kuɗi ita ce ranar da yara suka fi so. Ku bincika a gidajen tsofaffi, cikin adaka ko tsohuwar kwalla ko gwangwanin maɓallai, da wuya a rasa tsohon sule ko sisi ko taro ko kwabo mai huji a tsakiya. Waɗanda aka buga 1959 irinsu sule da sisi da taro gefe ɗaya kan sarauniya ne da kambi, ɗaya gefen kuma kayan gonarmu, taro mai kusurwa kusurwa ɗinnan auduga ce a jikinsa, sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, sule biyu kuma gyaɗa. Ku ɗora farar takarda akan kuɗin, yaro ya danne da yatsa ɗaya ya riƙa goga fensir a kwance a hankali, da farko baƙi kawai zai gani sai hanci ya fara fitowa, sai kambin, sai rubutun gefe, zakaga ya tsaya da numfashi yana ci gaba da gogawa dan kada ya ɓata. Wanda ya danna fensir da ƙarfi takardar zata yage, ku tanadi wata. Sai a yanke a ɗaura a 1959, sannan ayi na naira a ɗaura a 1973, dan ran 1 ga Janairun shekarar ne aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Manyan cikinsu zasu iya wasan kasuwa da tsohon lissafi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Farashin kaya kuma kada ku ƙirƙira, ku tura su su tambayi kaka me kwabo yake saye tana yarinya. Kuma dan Allah ku kula da ƙannensu masu rarrafe, kuɗin ƙarfe baki suke kaiwa, ku ƙirga kafin ku raba ku ƙirga bayan kun karɓa.

Audugar jikin taron nan ma ƙofa ce. Ku gaya musu ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce, ana nomata ana kaiwa injin gurza ana loda wa jirgin ƙasa, Kano kuma ga dalar gyaɗa, da kuɗin waɗannan aka yi ayyuka da yawa a Arewa kafin man fetur ya danne komai.

Yanzu sai zuwa wajen kaka, wanda a ganina in ba'ayi shi ba toh sauran duk ado ne. Ku sanar da ita tun da wuri, ku zaɓi lokacin da ta huta, bayan la'asar ko bayan isha, yaran su shiga da sallama su durƙusa su gaisheta yadda ya kamata kafin kowa ya buɗe baki, ladabin ma yana cikin darasin. Tambayoyin su zama na abubuwan da ake taɓawa da hannu. Hajiya da me kuke haska ɗaki da dare? Ina kuke ɗebo ruwa? In zaku aika saƙo Kano ya akeyi? Da me kukaje gidan miji, ƙafa ko doki ko mota? Wace waƙa kuke yi a dandali? Kowane yaro tambaya ɗaya ko biyu ya riƙe tasa. Zakuji aci-balbal da fitilar ƙwai, zakuji rijiya da tulu, zakuji mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da jiran amsa sati da satittika, da yadda ake shiga jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari. In ta yarda ku ɗauki muryarta a waya ku adana, wannan zai muku amfani fiye da yadda kuke zato.

Wata dabara anan, kada ku tambayi tsohuwa shekara nawa da lamba, yawancinsu ba haka suke riƙe lokaci ba. Ku tambayeta zamanin wane sarki ne, kafin rasuwar Sardauna ne ko bayan, ana yaƙin basasa ne ko an gama, an yi canjin kuɗi ko ba'ayi ba. Ku kuma tun kafin nan ku ɗaura waɗannan a igiya, Sardauna Janairu 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi daga hagu zuwa dama 1972, canjin kuɗi 1973, sai yaran da kansu su nemo inda labarin kaka zai zauna. In tace anyi aurenta ana cikin yaƙi, ai sun san tsakanin wane ƙulli da wane ƙulli zasu ɗaura. In ta haɗa abu biyu wuri ɗaya ko ta sauya tsari kada ku gyara mata a gaban jikokinta, ku bari daga baya ku daidaita a igiyar cikin hikima.

In tana da tabon lamba a damtse irin faffaɗan nan na da, ku roƙeta ta nuna musu. Sai ku basu labarin agana, ciwon da ya kashe mutane ya makantar da wasu ya bar wasu da zanzana a fuska, aka bi gari gari ana lamba har hukumar lafiya ta duniya ta sanar a 1980 cewa ya ƙare a doron ƙasa. Yaro yasa yatsa ya shafa tabon nan yaji cewa shi ba zai taɓa kamuwa da wannan ciwon ba, ba ƙaramin abu bane. Haka shan inna, a 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar, bayan shekaru ana ɗiga wa yara maganin a baki.

Ina kawo wannan ne dan tsofaffinmu sukan ce komai na da yafi, yara kuma su ɗauka komai na yanzu yafi, kuma ni bana son yaro ya tashi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ku shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya ta abinda ya canja ɗaya ta abinda yake nan, ku tara kaya a tsakiya: dutsen guga na gawayi, kaset, tsohuwar rediyo, fitilar ƙwai, tocilan mai caji, waya, allo da tawada, taɓarya, faifai, ludayin duma. Su ɗauka ɗaya bayan ɗaya su ajiye inda suke ganin ya dace su faɗi dalili. Za'ayi musu akan dutsen guga dan har yau in babu wuta shi ake hurawa, ku barsu suyi musun, a nan tunanin yake. Allo zai zauna a tabarmar abinda bai canja ba kuma ku nuna musu hakan abun alfahari ne, da irinsa kaka tayi karatu dashi suke zuwa makarantar allo. Sannan ku faɗa musu wasu canje canjen asara ce, tashar jirgin da ada take cike da fasinja da 'yan dako yanzu ba haka take ba, audugar ma ta ja baya ƙwarai.

In da hali ku fita dasu wata safiya, ba sai nesa ba. Ƙofar Doka da abinda ya rage na ganuwa, ƙofar fada, tashar jirgi, ƙofar jami'a ta Samaru ko ta Kongo, duk wanda yafi kusa daku. A kowane wuri tambaya ɗaya ce, wannan yana cikin igiyarmu ko ya girmeta? Jami'a tana ciki, 1962, daidai ƙulli na biyu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama 1964 tana ciki. Kwalejin Barewa ta riga igiyar zuwa Zariya da kaɗan, 1949, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo 1939. Ganuwa kuwa ta girmi kowa, kuma nan ne wurin warware rikicin sarauniyoyi biyun, dan na tabbata wani zai haɗa Amina da Elizabeth ya maida su ƙawaye. Masana tarihi galibi suna sa Amina 'yar Bakwa Turunku a ƙarni na 16, wato in zamu ƙara igiya da irin awonmu sai mun ƙara kusan mita 40 kafin ƙullin farko. Ku auna musu da taku, ku fita daga tsakar gida ku wuce zaure ku miƙe cikin layi kuna ƙirgawa tare, inda kuka tsaya ku ce toh nan Amina take, su juya su hango inda igiyar take. Ku ƙara musu da cewa ita Amina da kanta take jan rundunar yaƙi tana gina ganuwa, aikinta daban da na waccan.

Akwai tambayar da tabbas zata zo, galibi ranar kuɗi: me yasa hoton baturiya yake a kuɗinmu? Kada ku kauce mata kuma kada ku shafa mata zuma. Ku ce musu Turawan Ingila sunzo da bindigogi suka ci ƙasashenmu da ƙarfi, nan Zazzau zamanin Sarki Kwasau suka shigo kuma suka tuɓe shi, a 1903 suka ci Kano da Sakkwato, a 1914 gwamnan Turawa Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, suka riƙa karɓar haraji suna yanke hukunci da sunan sarkinsu. Ita Elizabeth ba'a haifeta ba lokacin, amma ta gaji kujerar da akayi abun da sunanta, kuma a farkon zamaninta an zubar da jini sosai a Kenya lokacin da mutanen can suka tashi neman ƙasarsu, wannan na ƙarshen ku ajiye wa 'yan aji uku zuwa sama. Sai ku ɗaura tuta kore fari kore a 1 ga Oktoba 1960, ku faɗa musu ita bata zo ba ranar, 'yar uwarta Gimbiya Alexandra ta turo, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama shine ke riƙe da gwamnatin ƙasa mai 'yanci, a 1963 kuma aka zama jamhuriya Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, daga ranar ta daina zama sarauniyarmu.

Kuma dan Allah kada ku bar yara su ɗauka 'yanci kyauta aka miƙo mana. Ku ɗaura kwalin Sardauna da na Malam Aminu Kano, sannan ku ɗaura na Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, an haifeta 1933 ta rasu 2001, ta sha ɗauri da duka saboda tana cewa talaka da mace suna da haƙƙi, asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke dashi kuma yara da yawa sun san wurin basu san matar ba. Matan Arewa basu samu damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, ku sa 'yan mata su nemo wurin a igiya su ga kakarsu ta riga ta girma lokacin. Ni burina yaro ya fita daga darasin nan baya zagin kowa kuma baya ganin bature a matsayin wanda ya fi kakansa.

Masu aji mai yara da yawa, ku raba su gida bakwai kowane gida ya riƙe mita ɗaya, su ne masu zana kwalayen shekarunsu su kuma yi wa sauran bayani. Wanda bashi da kaka a kusa ko maraya ne ku lura dashi tun ranar farko, kada a tsaya ana Mama da Baba shi yana sunkuyar da kai, ku ce kowa ya kawo babban da yake gidansu ko waye, ko ku gayyato dattijo ɗaya daga unguwa ya zama kakan kowa na ranar. In kuna son ku gane ko abun ya zauna ba sai kunyi jarabawar rubutu ba, ku kwance kwalaye biyar ko shida ku cakuɗa ku miƙa wa yaro ya mayar, in ya sa naira bayan tuta, ya sa waya bayan naira, ya sa kansa can kusa da ƙarshe toh ya gane ko da bai riƙe lambar shekara ko ɗaya ba, lambobin zasu zo daga baya a aji huɗu da biyar. Da damina kuma ku kwance igiyar ku shigar da ita ɗaki in a tsakar gida take, kwali baya jure ruwa.